Gurbin da Na Ƙi Cikewa

Ƙamshin fata ne ya fara tarbata. Tsohuwar tana buɗe akwatin, tun idona bai gane abin da ke ciki ba, hancina ya riga ya yi tafiya: ɗakin kakana a Kano, gafakarsa rataye a ƙusa, wani ƙamshi mai ɗan bauri kamar na itacen da ruwa ya daka rana ta busar. Na ce wa kaina kewa ce kawai. Wanda ya girma a Maryland, ba a kai shi gida sai jefi-jefi, ko hayaƙin gasa masara ya ji sai ya ce na unguwarsu ne. Na share zancen, na matso kusa da tebur.

Shagon yana tsohon ɓangaren Alexandria, garin da ke tsallaken kogi daga gidanmu, inda aka shimfiɗe hanyar ƙafa da jan bulo. Mai shi Baturiya ce, tsohuwa, siririya kamar sillen kara. Aikinta gyaran tsofaffin taswirori da ƙwallayen duniya, irin waɗanda ake zana ƙasashe da tekuna a jikinsu. A raina Malama nake ce mata, ko da yake ba ta taɓa jin kalmar ba. Shekarar da na gama digiri na shiga shagon don in fake wa ruwan sama, na tsaya kallo har ruwan ya ɗauke ban sani ba. Daga nan na riƙa zuwa duk Asabar. Tana ba ni shara da wanke burushi, sannan dafa sitacin alkama da ake liƙe takarda da shi. A wannan kam ta yarda na fi ta. Talge ne aka sake wa suna, kuma yarinyar da Mama ta tsaya a kanta da muciya ba ta barin gudaji.

Abin da ta fito da shi ranar batta ce ta jar fata, kewayayya, da 'yan ƙugiyoyi a gefe. Ta ɓalle su, battar ta rabe biyu kamar ƙwarya, sai ga duniya kwance a ciki, girmanta bai wuce goruba ba. A cikin murfin kuma an liƙa sararin samaniya, taurari da siffofin da mutanen da suka ba su. Malama ta ce masu hali na can baya a Turai a aljihu suke yawo da irinta, in hira ta yi daɗi a gidan shan gahawa su zaro, su nuna inda jirgin wane ya bi. Sama da ƙasa a aljihun riga, kusa da hankici.

Ni ba masu aljihun ne suka tsaya mini a rai ba, masu hannun ne. Wani ya naɗe takarda a kan mulmulallen katako, ya bari ta bushe, ya tsaga ya cire katakon, ya sake haɗe ɓarin. Wani ya shafe ta da farar ƙasa, ya yi ta guga har ta yi sumul kamar ƙwai. Babbansu kuma ya duƙa a kan farantin jan ƙarfe yana ƙwarzanen duniya a juye, kowane harafi ta baya, don in an buga ya fito daidai. Aka buga a takarda, aka yanka sala-sala kamar ɓarin lemo, kowanne mai faɗi a tsakiya, mai tsini a kai da gindi. Sai mai liƙi ya jiƙa su, ya miƙe su ɗaya bayan ɗaya, kogi ya haɗu da kogi, gaɓa ta haɗu da gaɓa. In ya kuskure da kaurin gashi, teku ya haɗiye gari. A ƙarshe masu sa launi, waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, su bi iyakoki da ja da kore. Nakan zauna ina hango su a ɗaki mai sanyi, hasken taga ɗaya, wani na tari, yatsu sun yi tauri. Ƙila da yawansu ba su taɓa ganin tekun da suke shafa wa shuɗi ba. Na ƙaunace su tun ban san abin da suka rubuta a kanmu ba, kuma ban daina ba bayan na sani.

Wannan 'yar duniya ta sha wuya. Wani lokaci a rayuwarta ruwa ya shige ta, ya cinye takardar a wuri ɗaya, faɗin farcen babban yatsa. Gurbin ya faɗo a cikin Afirka, ƙasa da hamada, sama da gaɓar teku. Ban buƙaci kowa ya gaya mini abin da ke wurin ba.

"Ke za ki gyara ta," in ji Malama. "Daga wanki har cike gurbin. In ta fito yadda nake so, ki bar zuwan Asabar, ki dawo kullum, in koya miki abin da na sani kafin hannun nan ya gama tafiya."

Ta ɗaga hannunta na dama ta nuna mini. Yana karkarwa kamar ganye. Ta daɗe da daina ƙananan zane, amma sai ranar ta faɗa da bakinta.

A gida kuwa wata jarrabawar ke jirana. Makarantar haɗa magunguna ta ɗauke ni, suna jiran amsata kafin lokacin zafi ya wuce. Baba injiniyan ruwa ne, ya yi shekaru yana tashi da asuba daga gidanmu a Fort Washington zuwa wurin aiki, kuma a wurinsa sana'a ita ce wadda in ka faɗa a taron suna ba sai ka ƙara bayani ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, ko faɗa zai yi sai ya sassauta murya. Zancen shagon a ganinsa abu ne da zai wuce kamar mura.

"Uwata, kin tura musu amsar?"

"Zan tura, Baba."

Haka muka yi ta yi.

Na kwashe makonni ina wanke ta. Da 'yar auduga a bakin tsinke nake ɗebe tsohon man da aka shafa mata don sheƙi, wanda ya dafe ya koma kamar ƙonanniyar zuma. Ƙasashe suka riƙa fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya, kamar gari lokacin da alfijir ke ketowa. A cikin gurbin, inda farar ƙasa ta fito tsirara, gilashin ƙara girma ya nuna mini wani abu: shatin yatsa. Mai shafen ya danna babban yatsansa tun tana ɗanya, aka liƙe takarda a kai, ba wanda ya sake gani sai ni. Na daɗe ina kallonsa. Ji na yi kamar wani ya yi mini sallama ta bayan katanga.

Sai Malama ta kawo hoton 'yar'uwar 'yar duniyar nan, wata da aka buga da faranti ɗaya, wadda ke wani gidan adana kayan tarihi ba abin da ya same ta.

"Ga abin da ya ɓace," ta ce. "Ki kwafa daidai, harafi da harafi."

Na ɗora gilashi. Jerin duwatsu ne tun daga yamma har gabas kamar haƙoran zarto, duwatsun da Allah bai halitta ba. Kogi yana bin hanyar da bai taɓa bi ba. Sama da duwatsun, da kyakkyawan rubutu mai lanƙwasa, an rubuta da Turanci cewa ƙasa ce da ba a sani ba. Kalmomin sun kwanta daidai a kan ɗakin kakana.

 Ni ba mai saurin magana ba ce. Na jingina hoton a jikin kwalbar ruwa, na ci gaba da wanke tekun Indiya.

Wata Asabar Baba ya ce zai biyo ya ɗauke ni, akwai suna a Lanham. Ya zo tare da amininsa, mutumin Damagaram da ke karanta labarai a gidan rediyo, wanda muke ce wa Kawu. Su biyun ba sa gaisawa sai da tsiya. Suka shigo da manyan riguna, shagon ya cika da turare. Malama ta miƙe tana murmushi, amma idonta na kan hannayen rigunan da ke shawagi kusa da kwalabenta.

"To, ina duniyar taki?" in ji Baba.

Na nuna masa. Kafin in ce kar a taɓa, ya ɗauka ya juya ta da babban yatsa kamar mai zaɓen tumatir. Duk wanda na taɓa gani a cikinmu ya riƙi ƙwallon duniya, abu ɗaya yake fara yi: neman gida.

"Ina Kano?"

"Ai ga ta nan," in ji Kawu, yana leƙowa ta kafaɗarsa. "Rami. Bakano, ashe tun da can an san halinku. Aka duba aka ga gara a bar wurin haka."

"Kai, rufe mana baki. Damagaram ɗin fa? Ku ma kuna ciki."

"Mu maƙwabtaka ce ta ja mana. Zama da maɗaukin kanwa."

Kawu ya ɗauki battar, ya juya ta, ya shinshina.

"Bon, 'yata, fatar nan ta bushe. Ki samo man shanu ki murza mata, gobe ta yi laushi."

"Kawu, don Allah ajiye."

"A lakwal, makarantar taku, ba a koya muku wannan ba? Kuma wallahi warin Kano take. Ku ko lahira aka je sai an tarar kun riga kun kasa kaya."

Baba yana cikin dariya idonsa ya kai kan hoton. Ya ajiye 'yar duniyar, ya ciro tabarau, ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya juya Turanci ya tambayi Malama cikin ladabi ko wannan ne za a mayar a gurbin. Ta ce e, kuma 'yarsa ce za ta zana, don tana da hannu irin wanda ba a cika samu ba. A ganinta albishir ta yi masa.

Ya juyo gare ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, fuskarsa da murmushi don kar Baturiya ta gane.

"Uwata. Ke ce za ki rubuta ba a san mu ba?"

Ya nuna hoton da yatsa.

"Lokacin da mutumin nan ke zaune yana ƙirƙiro duwatsu, ganuwar Kano ta riga ta tsufa. Marina na aiki, fatake na tashi Gwanja, malamai na rubuta littattafai. Shi ne bai sani ba. Karatun da kika yi, da wanda kike ja da baya a kansa, duk don ki zo ki zama magatakardar jahilcinsa?"

"Bakano, a hankali," in ji Kawu. "Naman suna ba ya jiran mai wa'azi."

Baba bai kula shi ba. "Ga burushi a hannunki. In dole sai an cike, ki rubuta Kano. Ki sa Katsina, ki sa Zazzau. Ki sa wa wannan ma Damagaram ɗinsa, sadaka. Ki gyara wa mutumin kuskurensa. In kin yi haka, na san aiki kike. In ba haka ba, ki tattara ki tura wa makarantar nan amsa."

Muka yi wa Malama sallama, ta ce mahaifina mutum ne mai fara'a.

A mota ina baya, muna haye gada, kogin Potomac na ƙyalli a ƙarƙashinmu, su biyun sun koma musun siyasa. Ba zan ɓoye ba, maganar Baba ta yi mini daɗi. A wurin sunan, a ɓangaren mata, ana ta guɗa ana miƙa jaririya daga hannu zuwa hannu, na samu gefen kujera na zaro biro, na rubuta Kano a kan takardar goge hannu da irin rubutun mutumin, ƙanana, masu lanƙwasa. Ya yi kyau ƙwarai. Ya yi kama da nasa har ni kaina da ba zan bambance ba. Wannan ne ya ba ni tsoro. Na hango wata yarinya nan da wasu zamunna, ta buɗe battar, ta ga Kano a zaune a wurinta, ta ce ashe sun san mu, ashe sun rubuta mu. Baba ramuwa yake so in yi, amma wannan ramuwar kyauta ce ga mai laifin. Na dunƙule takardar na jefa cikin kwanon ƙashi.

Washegari bayan la'asar na same shi a bayan gida yana ba yakuwarsa ruwa. Duk shekara sai ya shuka ta, duk shekara sanyi ya kashe ta, bai taɓa fasawa ba.

"Baba, ba zan rubuta Kano ba."

Ya ci gaba da ban ruwa.

"Bai san Kano ba. In na sa masa, na ara masa ilimin da bai nema ba. Na wanke shi ke nan."

"To duwatsun za ki zana."

"Su ma ba zan zana ba."

"To me za ki yi?"

"Zan liƙe wurin da takarda, in bar shi ba rubutu."

Ya kashe ruwan, ya dube ni. "Aikin ke nan? A ba ki rami ki mayar da rami? Makarantar fa?"

"Na tura musu amsa da safe. Na ce na gode."

Ya gane irin godiyar. Ya naɗe tiyo a hankali, ya rataye, ya shiga gida. Daga ranar ya daina ce mini Uwata. Sunana na yanka kuma ba zai iya kira ba, na mahaifiyarsa ne. Sai na zama ba ni da suna a bakinsa. A gaya mata. Tana ina. Wa ya bar fitila a kunne. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na koma shago da ƙarfin gwiwar wanda ya riga ya ƙone bukka ɗaya yana ganin ɗayar na nan. Na zaɓi takarda marar kauri, na rina ta har ta ɗauko launin tsohuwar, don kar ta yi haske ta tsone ido. Na fere bakinta da wuƙa har ya yi kamar fatar albasa. Na dafa sitaci sabo. Kafin in rufe, na sake kallon shatin yatsan nan, na yi masa sallama a zuci, sannan na kwantar da takardar a kansa na bi ta da burushi. Da ta bushe na rufe ido na shafa. Yatsana bai ji inda tsohuwa ta ƙare sabuwa ta fara ba.

Malama ta zo ta sa gilashi, ta juya ta a gaban taga.

"Ya yi," ta ce. A bakinta wannan kalmar kamar guɗa ce. "Saura zane."

"Na gama."

Ta ɗago.

"Ba zan zana ba," na ce.

"Mai saye ba ya son gurbi. Kuma mu ba alƙalai ba ne, masu gyara ne. Ba ma tambayar mamaci ko gaskiya ya faɗa. Abin da ya yi muke mayarwa."

"Duk abin da ya rage na hannunsa na wanke shi. Ki duba, har wutsiyar duwatsun da ta leƙo gefen gurbin tana nan, ban goge ko ɗigo ba. Kuskurensa ne, zan tsare masa shi muddin ina riƙe da burushi. Amma wanda ruwa ya cinye, in na mayar, ba nasa ba ne kuma, nawa ne. Shi bai sani ba ya rubuta. Ni na sani. Kabarin kakana yana ƙarƙashin kalmar nan."

 Tunda nake ban taɓa jera magana mai tsawo haka a gaban babba ba, sai ga shi na yi sau biyu a mako ɗaya.

 Ta dubi hannunta.

"Kin san ba zan iya zana shi da kaina ba."

"Na sani."

Wannan ne ya fi yi mini wuya. Amma ban janye ba.

"To ba ki ci jarrabawar ba," ta ce. Ta mayar da 'yar duniyar cikin battarta, ta maƙala ƙugiyoyin da ƙyar.

Na wanke burusan kamar kullum, na jera su, na rufe tukunyar sitaci. Na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas. Ta taga ina kallon mutane kowa da inda za shi. Ba makaranta, ba shago, ba suna. Abin mamaki, ban ji nadama ba. Tsoro dai na ji, sosai, amma ƙarƙashin tsoron akwai wani wuri da ya kwanta luf.

Mama ta saurare ni tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago ba.

"Taurin kan nan dai ba a ƙasa kika tsince shi ba," ta ce. "Wadda aka sa miki sunanta, in ta ce a'a, ko liman sai ya haƙura. Shi ma ya sani, shi ya sa yake fushi."

Da yamma ta miƙo mini wata tsohuwar tukunya da ta daina amfani da ita. Ba ta ce ta mece ce ba.

Na share gefe ɗaya a gareji. Tunda an hana ni gyaran duniyar wasu, sai na ce bari in gwada yin tawa tun daga tushe. Na naɗe tsofaffin jaridu a kan ƙwallon roba, na shafa farar ƙasa, ta tsage. Na sake, ta yi ƙusumbi. Na yanka salar takarda na liƙa, ta tattare kamar goshin tsoho. Wata rana na kai har salar ƙarshe, sai na tarar saura tazarar da za ta ci rabin Masar. A garejin nan ne na san girman mutanen da nake fushi da su. Da hasken taga, ba na'ura, suka yi abin da ni da fitilar lantarki na kasa. Ina jin haushinsu ina sara musu, kuma ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya ba.

Baba bai taɓa leƙowa ba. Amma na lura ya daina shigar da mota gareji. A waje yake barinta, rana ta dake ta, ganye ya zubo mata. Ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai ce ba.

Ganyen itatuwa sun fara ja lokacin da wayata ta yi ƙara. Malama ce. Ba gaisuwa.

"Sitacin nan duk gudaji ne. Na dafa har na gaji."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Abar nan tana yadda kika bar ta. Na sa ta a taga. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi me ya sa wurin ba rubutu, ni kuma ba amsata ba ce. Ki zo ki riƙa ba su da kanki."

Na koma, kullum. Ba ta taɓa cewa ina da gaskiya ba. Har ta bar aiki tana nan a kan cewa mai gyara ba shi da ra'ayi, ni kuma ina nan a kan nawa, muna aiki a tebur ɗaya. Ba a sayi 'yar duniyar ba. Masu saye sukan ɗauka, su ji bayanina, su gyaɗa kai, su ajiye su sayi wata wadda ba ta da gurbi. Malama takan harare ni ta saman tabarau, ni kuma in ci gaba da gauraya sitaci.

Uwata ya dawo bakin Baba wata safiya ba da niyya ba, yana neman hularsa. Dukanmu muka yi kamar ba mu ji ba. Har yanzu in an tambaye shi a taro me nake yi, sai ya ce ina harkar tarihi, ya yi sauri ya canja zance. Har yanzu yana ganin da na rubuta Kano. Wani lokaci in muna cin tuwo sai ya tayar da maganar, in ce a'a, ya ce taurin kai, Mama ta ce a ci abinci.

Shekaru sun shuɗe kafin battar ta fara tsagewa a wajen maganaɗinta. Fata ba fannina ba ce, don haka na kai ta wurin wata mata mai gyaran bangon tsofaffin littattafai. Ta sa ta a ƙarƙashin madubinta, ta duba idon fatar da launinta, ta ce in bar mata ita ta bincika. Da na koma ta ce fatar akuya ce, kuma ba jimar Turai ba ce. Ta nuna mini hoton 'ya'yan itacen da aka jeme ta da su, ta fara gaya mini sunansa na masana. Ban bari ta ƙarasa ba, don bagaruwa ce. Jan kuma na karan dafi ne. Ta ce Turawan lokacin da sunan Maroko suke kiran irin wannan fata, saboda a can suke sayenta, amma da yawanta a bayan raƙuma take ƙetaro hamada daga hannun majeman Kano da Sakkwato.

Fatar da ta lulluɓe duniyar mutumin, wadda ta kwana a aljihun wanda ya saya, a ƙasar da ya rubuta ba a sani ba aka jeme ta.